An ba ni B.Sc Ed Kemistiri maimakon Famasi, in karɓa ko in sake JAMB?

Ummi Gwale:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara na zo nema. Famasi na cike a JAMB, makina bai kai ba. Jiya na duba CAPS, shafin JAMB na duba gurbin karatu, na ga an ba ni B.Sc Ed Kemistiri, wato karatun zama malamar sakandare. Baba ya ce in karɓa, Umma ta ce in haƙura in sake zana jarrabawa baɗi. Ni dai ina son Kemistiri tun ina SS1, amma ban san abin da ake karantawa a kwas ɗin nan ba, ban kuma san inda yake kai mutum ba. Waɗanda suka yi shi, don Allah ku gaya min gaskiya, ba lallashi nake so ba.

Abban Hanif:
Wa alaikis salam ƙanwata. Tunda gaskiya kika nema, bi maganar Ummanki. Shekara huɗu za ki yi kina shan wahalar da masu tsantsar Kemistiri suke sha, ki ƙara da taki ta daban, ki fito ki kama alli. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024, alawus ɗin 'yan bautar ƙasa ya koma 77,000 a 2025, amma ki zaga makarantun kuɗi na unguwa ki tambayi masu digiri nawa ake ba su. Da yawa ranar da suka gama bautar ƙasa ranar samunsu ya ragu.

Maman Khairat:
Haba Abban Hanif, yarinya ta zo neman shawara ka fara da karya mata gwiwa. Wa ya ba ta tabbacin baɗi za ta samu Famasin? Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Abban Hanif:
Hajiya ita ta ce ba ta son lallashi.

Dakta (Sashen Ilimin Kimiyya):
Bari in fara amsa tambayar farko, tunda an tsallake ta an tafi ga albashi.

Ummi, kwas ɗin shekara huɗu ne ga wanda ya shigo ta UTME, wato jarrabawar JAMB. Sunanki yana Tsangayar Ilimi, amma kaso mai yawa na karatunki a Tsangayar Kimiyya za ki yi shi. Aji ɗaya za ki zauna da masu B.Sc Kemistiri, lakcara ɗaya, jarrabawa ɗaya, ba wanda zai rage miki tambaya don ke malanta kike karantawa. A shekarar farko ma kusan kowa abu guda yake yi: lissafi, Fizis, Kemistiri, Bayoloji da darussan bai ɗaya.

A ɓangarenmu kuma za ki karanta yadda yaro yake koyo da yadda hankalinsa yake girma, tarihin ilimi da falsafarsa, yadda ake tsara manhaja, yadda ake tsara tambayoyin jarrabawa da rabon maki, sai hanyoyin koyar da Kemistiri kansa. Daga nan sai TP, inda za a tura ki wata sakandare ki riƙe aji na wasu makonni, malamanki su zo su zauna a bayan aji su ba ki maki. Binciken kammalawa yawanci a kan koyo da koyarwa ake yinsa, ba a ɗakin gwaje-gwaje ba.

Abu biyu zan gargaɗe ki a kai. Na ɗaya, tsangaya biyu kike bauta wa, jadawalin lacca yakan ci karo, sai kin zama mai bibiya. Na biyu, akwai wasu kwasa-kwasan Kemistiri na manyan azuzuwa da ba za ki ɗauka ba, saboda na malanta sun cinye gurbinsu. Shi ya sa in kika so yin digiri na biyu a tsantsar Kemistiri, wasu jami'o'i sai sun sa kin yi difiloma ta share fage tukuna. Digiri na biyu a ilimin koyar da kimiyya kuwa hanyarki a buɗe take kai tsaye.

Sadiq Fizis:
Yauwa Dakta, wannan na biyun shi ne maganata kullum. Ni B.Sc Fizis na yi, bayan bautar ƙasa na yi PGDE, difilomar malanta ta bayan digiri, na shekara guda, na yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, yanzu ina koyarwa. A ganina wannan ita ce hanyar da ta fi. Ka san fanninka ciki da bai, sannan ka ɗora dabarun koyarwa a kai. In koyarwa ta ishe ka, kamfani zai karɓi takardarka. NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa da ke Kaduna, suna yin PGDE, jami'o'i da yawa suna yi. Me zai sa mutum ya ɗaure kansa tun daga aji ɗaya?

Malama Hadiza:
Malam Sadiq, ba B.Sc Kemistiri aka ba ta ba, B.Sc Ed aka ba ta. A kan abin da ke gabanta za mu yi magana.

Ummi ƙanwata, kwas ɗin nan na yi, kuma Kemistiri nake koyarwa a babbar sakandare. Zan gaya miki abin da ba ya cikin takardar jami'a. Matsalar kwas ɗin ba ƙarancin darussa ba ce kamar yadda Malam Sadiq yake nufi. Abin da ake koyarwa a SS1 zuwa SS3 bai kai zurfin abin da za ki gama kafin ƙarshen aji biyu na jami'a ba. Matsalar ita ce hannu. Mutum sai ya fito da digiri mai kyau, bai taɓa haɗa ruwan gwaji da kansa ba tun daga awon garin sinadari har zuwa cika kwalba kan layi. A firaktikal na ajin farko ɗalibai sun yi yawa, a kasa ku rukuni-rukuni, mutum biyu su yi aikin, sauran su kwafi lambobi. In kika yarda kika zama mai kwafa, ranar da kika zama malama za ki gane kurenki.

Ga dalili. Kafin firaktikal na WAEC ko NECO, hukuma tana aiko wa makaranta umarni na sirri a kan abubuwan da za a tanada. Malamin Kemistiri ne zai haɗa asid ɗin da ruwan alkali daidai ƙarfin da aka ce. Sannan shi ma zai yi taitireshin ɗin, wato gwajin ɗiga asid a kan ruwan alkali har launi ya canza, da hannunsa ya rubuta lambar da ya samu, a tura tare da takardun yara. Da lambarsa ake auna tasu. To ki duba: in malama ba ta iya karanta biret, wato bututun gilashi mai ma'auni da ake ɗiga asid da shi, daga ƙasan lanƙwasar ruwa ba, ko ta bari launi ya wuce inda ya kamata ta tsaya, yaron da ya yi aikinsa daidai shi zai rasa maki. Aji guda sukutum ya dogara da hannun mutum ɗaya. Wannan ba PGDE ke koyar da shi ba, ba kuma laccar falsafar ilimi ba. Sai wanda ya nace wa ɗakin gwaje-gwaje.

Don haka in kin karɓa, ki yi abota da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje tun makon farko. Ki gaishe su, ki taya su wanke kwalabe, ki roƙi su bar ki ki tsaya ranar da suke haɗa ruwan da za a yi aiki da shi. Sun fi lakcarori da yawa sanin wannan aikin, kuma ba kasafai ɗalibi yake kula su ba.

Sadiq Fizis:
Wannan kam gaskiya ce Malama, kuma mu ma masu B.Sc ɗin ba mu tsira daga ita ba. Amma ban janye ba. Zurfi yana da amfani ko da manhajar sakandare ba ta kai can ba. Yaro mai kaifin basira zai jefo miki tambayar da ba ta cikin littafi, a nan ake gane wanda ya karanta da wanda ya haddace.

Malama Hadiza:
Haka ne. Ni kuma na ga mai digiri mai daraja ta ɗaya ya shiga SS1 ya cika allo da lissafin mol, ma'aunin yawan sinadari, ya juyo ya ce "kun gane?", yara suka ce "eh", ya fita. Ba wanda ya gane ko ɗaya. Bai san cewa yaran nan matsalarsu tun daga raba lamba mai ɗigo take ba, kuma rabinsu Turancin tambayar ne ya kayar da su kafin a zo ga Kemistirin. Sanin inda yaro ya maƙale shi ma ilimi ne, kuma shi ake koya a TP in mutum ya ɗauke shi da gaske.

Baba Malam Mai Ritaya:
Assalamu alaikum. Jikana ne yake rubuta min, ku yi haƙuri da tsawon magana.

Ummi jikata, ku yaran yanzu kun taso kun tarar ana yi wa malanta kallon makomar wanda ya rasa. Ba haka abin yake ba a da. A 1977 gwamnatin jihar Kano ta kafa hukumar makarantun sakandaren kimiyya, aka buɗe Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Dalili shi ne jiha ba ta da likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa, kuma an gane cewa ba daga jami'a gyaran zai fara ba, daga sakandare ne. Aka riƙa zaɓo yara da jarrabawa, aka zuba kayan aiki, aka nemo malamai. Ki je asibitocin Kano da Jigawa yau ki tambayi manyan likitoci inda suka yi sakandare, za ki sha jin sunayen nan biyu.

Amma su wa suke koyar da kimiyya a Arewa a wancan zamani? Da yawa baƙi ne, Indiyawa, 'yan Pakistan, 'yan Gana da sauransu. Da darajar naira ta faɗi bayan tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986, suka tattara suka tafi. Gurbin da suka bari har yau ba mu cike shi ba, musamman Fizis da lissafi da Kemistiri, musamman kuma a makarantun 'yan mata. Akwai iyayen da hankalinsu ya fi kwanciya in mace ce take koyar da 'yarsu. Ke da kike son Kemistiri da kanki, ba turo ki aka yi kina kuka ba, irinku ake nema.

Ba zan ce miki akwai kuɗi a ciki ba. Abban Hanif bai yi ƙarya ba.

Abban Hanif:
Allah ya ƙara lafiya Baba. To ai ka ga inda maganar take. Kowa ya yarda ana buƙatar malamai, ba wanda ya yarda ya biya su. Shekara nawa muna jin alkawari? A ranar malamai ta duniya ta 2020 aka yi shelar sabon tsarin albashin malamai. A ta 2021 aka ce za a riƙa ba ɗaliban digirin malanta naira 75,000 kowane zangon karatu, na NCE kuma 50,000. Ummi, kada ki saka wannan kuɗin a lissafinki sai kin ga alat a wayarki.

Dakta (Sashen Ilimin Kimiyya):
A nan na yarda da kai, kada ta gina komai a kansa. Abin da ya zama doka shi ne na shekarun ritaya, wanda aka sa wa hannu a 2022: shekara 65 da haihuwa ko 40 ana aiki, maimakon 60 da 35. Shi ma sai ki duba ko jiharki tana aiki da shi. In kuɗin makaranta ne damuwa, akwai bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, amma sunansa bashi.

A aikin gwamnati mai digiri yana farawa a mataki na 8, mai NCE a mataki na 7. Kuma TRCN ba zaɓi ba ce. An kafa ta tun 1993, daga 2017 kuma sai ka zana jarrabawarta ta kwamfuta kafin a yi maka rajista. Mai B.Sc Ed yana da damar zana ta da takardarsa, mai B.Sc zalla sai ya nemo PGDE tukuna. Wato shekarar da Malam Sadiq ya ƙara da kuɗin da ya biya, Ummi ta huta da su.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan uwa, ina biye da ku daga Nijar. Mu nan tsarin ya ɗan bambanta. Makarantar horar da malaman sakandare, ENS, tana cikin jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, jami'ar Tawa ma tana da tsangayar ilimin koyarwa. Kuma wurinmu malami guda ne yake riƙe Fizis da Kemistiri tare, wani kuma ya riƙe ilimin halittu da na ƙasa, wanda muke ce wa SVT. Amma ciwon iri ɗaya ne. Azuzuwa da yawa 'yan kwantiragi ne suke riƙe da su, wasunsu ba su bi ta makarantar malanta ba, kuma yaro sai ya kai BAC, jarrabawar gama sakandare, gwajin da ya gani a allo ne kawai aka zana masa. Malama Hadiza, ku can in makaranta ba ta da kayan aiki, yaya kuke yi?

Malama Hadiza:
Malam, ai mu ma yawancin makarantu haka suke. Akwai ɗaki an rubuta sunansa a ƙofa, ciki kuwa sai ƙura da kwalaben da suka bushe, ba ruwa a famfo, ba gas. Amma akwai abin da za a iya da kayan kasuwa, kuma ana koyar da wannan a darasin hanyoyin koyarwa, sai dai ɗalibai suna ɗaukarsa abin haddar jarrabawa.

Misali darasin asid da alkali. Ka jiƙa zoɓo a ruwan zafi ka tace. Ka zuba a kofuna masu haske. Ka matsa lemon tsami a ɗaya, ko ka zuba ruwan tsamiya, zai ƙara ja. Ka zuba ruwan kanwa ko ruwan toka a ɗayan, sai ya rikiɗe ya yi duhu ya koma wajen kore. Sannan ka riƙa ɗiga lemon tsami a kan na kanwar a hankali har jan ya dawo. Yarinyar da ta ga wannan da idonta ta riga ta fahimci abin da taitireshin yake nufi kafin ta taɓa biret, kuma za ta koma gida ta gane dalilin da ya sa miyar da aka cika wa kanwa take canza launi. Ba zai maye gurbin kayan WAEC ba, don ba za ka samu lamba da shi ba. Dole shugaban makaranta ya sayi na gaskiya, kuma ba sati guda kafin jarrabawa ba kamar yadda aka saba.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi: asid mai ƙarfi shi ake zubawa a cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa a cikinsa. Kuma ba yaron da zai tsotsi fifet, tsinken gilashin ɗibar ruwan gwaji, da baki a ajina.

Sadiq Fizis:
Mu a Fizis ma akwai irinsa. Zare, ɗan dutse, ma'aunin tela da agogon waya sun isa a yi gwajin lilo. Yara su auna tsawon zare, su ƙirga lokacin kai-komo ashirin, su canza tsawo su sake, su zana giraf. In sun yi a natse za su samu lambar jan ƙasa kusa da 9.8. Abin da ke ba ni takaici shi ne yaro ya zo SS3 bai taɓa zana giraf daga lambobin da shi ya auna ba, alhali a firaktikal na Fizis maki mai yawa a kan giraf yake.

Maman Khairat:
Ni abin da nake so a gaya wa yarinyar nan shi ne TP. 'Yata ta yi bara. Suna zuwa malamin darasin ya miƙa mata azuzuwansa gaba ɗaya ya ɓace, sai ranar da masu dubawa za su zo ya bayyana. Ta dawo kullum murya a dishe. Wannan koyo ne ko bauta?

Dakta (Sashen Ilimin Kimiyya):
Hajiya wannan yana faruwa, kuma ba haka tsarin yake ba. Kamata ya yi ɗalibi ya fara zama yana kallon malamin aji, sannan ya karɓi darasi malamin yana zaune, a tattauna bayan an fito. Shawarata ga mai zuwa TP, in an ba shi zaɓi, kada ya zaɓi makaranta don tana kusa da gida kawai. Ya tambaya ko akwai gogaggen malamin fanninsa a can, ko ɗakin gwaje-gwajensu yana aiki. Ya kuma nemi shiga ƙungiyar malaman kimiyya ta ƙasa, STAN, wadda take nan tun 1957 tana shirya bita da taruka.

Abban Hanif:
Duk na ji, kuma ban ce aikin ba shi da daraja ba. Amma ba wanda ya amsa min yadda za ta ci abinci.

Malama Hadiza:
Zan amsa maka gwargwadon abin da na gani. Malamin Kemistiri ko Fizis da ya iya firaktikal ba ya zama ba aiki. Manyan makarantun kuɗi suna nemansa, cibiyoyin shirya yara JAMB suna nemansa, lokacin WAEC makarantun da ba su da malami har gida suke biyo shi ya je ya haɗa musu ruwan gwaji, ga aikin makin takardu. Ba arziki ba ne, rufin asiri ne, kuma da gumi. Wanda bai iya ba kuwa shi ne yake ƙarewa a irin makarantun da ka ambata, don ba abin da ya bambanta shi da kowa.

Ummi, gargaɗi na ƙarshe daga gare ni. Kada ki karɓa da niyyar za ki canza zuwa Famasi a aji biyu. Da yawa sun shigo da wannan niyya, gurbin ba ya samuwa, suka ƙare shekara huɗu jikinsu yana nan zuciyarsu tana can. In Famasi ce kaɗai a ranki, bi maganar Umma ki sake JAMB, ba laifi ba ne.

Ummi Gwale:
Na gode ƙwarai iyayena, Allah ya saka da alheri. Zan karanta wa Baba da Umma duka yau da daddare, har da na Yaya Abban Hanif. Anti Hadiza, in ba damuwa zan yi miki magana ta sirri.

Nura NCE:
Dakta ranka ya daɗe, a taimaka min ni ma. Na gama NCE Bayoloji da Kemistiri, ina koyarwa a ƙaramar sakandare. In na nemi digiri daga farko zan fara? Kuma wanne zan ɗauka cikin biyun?

Dakta (Sashen Ilimin Kimiyya):
A'a, fom ɗin DE, na shiga kai tsaye, za ka saya a JAMB, a aji biyu za ka shiga, shekara uku ke nan. Ka tabbata kiredit biyar ɗinka na sakandare sun cika har da Turanci da lissafi, don NCE ba ta rufe wannan giɓin, kuma ka nemi kwalejinku ta tura sakamakonka da wuri. Kowace jami'a tana da makin NCE da take karɓa, ka duba kafin ka cike. In ba ka son barin aiki, ka tambayi tsarin karatun hutu ko na ƙarshen mako, sai dai ka bincika a ina suke yin firaktikal kafin ka biya kuɗi. Game da zaɓi kuma, masu Bayoloji sun fi yawa a ko'ina. In makinka na Kemistiri mai kyau ne kuma lissafi ba ya ba ka tsoro, shi za ka ɗauka.